Filafilin Gidan Rosenboom

Ƙanena Onno ya ƙare rayuwarsa yana dakon kayan baƙi da keken doki, daga bakin tasha zuwa masauki. Masu miƙa masa jaka ba su san ya taɓa zama kwamandan jirgin yaƙi mai nutso ba, shi kuma bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. Ni zan faɗa, don na gaji da haɗiye abin.

A tsibirinmu kwale-kwalen ceto ɗaya ne, mai filafilin tuƙi takwas, kuma kowane filafili da gidan da ke da shi. Uba ke miƙa wa ɗansa a gaban jama'a, ba a saye, ba a aro. In ƙararrawa ta kaɗa, dawakai su ja kwale-kwalen cikin ruwa, maza su tuƙa. Wanda duk ke cikin ruwa a ciro shi, ba a tambayar tutar ƙasarsu. Filafilinmu na hannun babanmu, Ubbo Rosenboom, mutum mai taurin kai kamar ƙusa. Tun Onno na yawo ba takalmi yake shafa itacen nan yana cewa, "Yaya Hilke, ran da Baba ya ba ni, sai kin ga tuƙi."

Sai kamun kifi ya mutu, samari suka watse. Onno ya shiga sojan ruwa don a nan ne kawai ake ci a ƙoshi. Yana da kai, ga sanin teku, nan da nan aka riƙa ɗaga shi. Yaƙi na shiga shekara ta biyu aka ba shi jirginsa da farar hula, wadda kwamanda kaɗai ke sawa. Ni kam na yi murna, har na sa hotonsa a taga.

Zuwansa hutu na farko, ya sauko da gemu buzu-buzu, yana warin mai da tsami. Na zuba shayi, Baba ya dube shi ta saman kofi.

"An ce ka nutsar da jirage."

"Yaƙi ne, Baba."

"Na ji. Mutanen ciki fa?"

Onno ya ce ya tsaya, ya ba su ruwa da burodi a kwale-kwalensu, ya nuna musu inda gaɓa take. Baba ya tura masa kwanon sukari. A gidanmu wannan babban yabo ne.

Bayan nan aka ba da umarni daga sama, kada wani kwamanda ya sake tsayawa ceton kowa. Jiragen saman abokan gaba sun yi musu yawa, abokan Onno suna tafiya ba sa dawowa. Da ya zo hutu na gaba, da lambar girma a wuya ya zo. Manyan jam'iyya mai mulki suka tara 'yan makaranta a tasha, ana busa ƙaho. Shi kuwa duk ya rame. A gida Baba ya sake yi masa tambayar nan ta mutanen ciki.

Wallahi da ya yi ƙarya da ya huta. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma ɗan banzan nan bai iya ƙarya ba.

"Jirgin mai ne," in ji shi. "Ruwan ma wuta yake ci. Suna iyo suna nufo mu, suna kira. Ɗaya har ya kama igiyar gefenmu."

"Sai ka yi me?"

"Na ce mu nutse. Ina da mutum hamsin a wuyana, Baba. Da na tsaya da duk mun tafi."

"To, Allah ya ba ka lada wajen masu ƙaho," in ji Baba. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Na bi shi har bakin ƙofa ina masifa. Na ce, "Haba Baba, yaron nan kabari zai koma, ka sallame shi da kalma mai daɗi mana!" Ko waiwayowa bai yi ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma abin haushin shi ne ban iya cewa tsohon bai da gaskiya ba.

Onno ya koma teku. A shekarar ƙarshe ta yaƙin aka fasa jirginsa, ya fito da mutum tara kacal. Wani jirgin Ingila, na abokan gaba, shi ne ya tsaya ya tsamo su, aka lulluɓe su da bargo, aka ba su shayi. Ya ce mini wannan bargon ya fi masa komai ciwo. Ya yi zaman fursuna, ya dawo gida da furfura alhali bai kai arba'in ba. Ba abin da ya nema, ba fansho, ba aure. Filafilin nan kaɗai yake so. Shi ke shafa wa kwale-kwalen kwalta, shi ke gyara igiyoyi, ba wanda ya sa shi. A tebur ɗaya suke ci da Baba, maganarsu ba ta wuce miƙo gishiri.

Wata safiya cikin hunturu ƙararrawa ta kaɗa. Wani jirgin gawayi ya kafe a yashi, teku na dukansa. Duk muka ruga bakin ruwa. Baba a lokacin ya haura saba'in, kafaɗarsa ba ta ɗaguwa sosai. Onno ya tsaya gabansa cikin rigar ruwa, ya miƙa hannu a ba shi filafilin. Maƙwabcinmu Fokko, shugaban matuƙa, ya daka tsawa:

"Baba Ubbo, don Allah ba yaron nan filafilin! Kai ko cokali da ƙyar kake ɗagawa!"

Baba ya dubi hannun da aka miƙa masa, ya daɗe yana dubawa. Na rantse na ga leɓensa ya motsa. Sai ya ce wa Onno, "Riƙe dawakai," ya haye ciki da filafilinsa.

Sun ciro mutanen duka. Baba kuwa ɗauko shi aka yi daga kwale-kwalen, sanyi ya shiga ƙirjinsa. Onno ne ya yi jinyarsa, yana juya shi, yana ba shi romo a baki, yana zaune kusa da shi ko zai yi magana. Tsohon ya yi magana a kan kaza da rufin ɗaki da ke yoyo. Bai kai ƙarshen mako ba ya cika.

Bayan jana'iza Fokko ya zo gida da sauran matuƙa, filafilin a kafaɗarsa. Ya jingina shi a bango ya ce, "Kwamanda, ga kayan gidanku. Mu duka mun yarda, ba mai ja."

Na ce, "Karɓi mana, Onno! Me kuma kake jira?"

Ya tashi, ya sa hannayensa biyu a aljihu, ya matsa baya.

"Baba bai ce ba," in ji shi.