Mutumin da Wutar Inji Ba Ta Ja Ba

Shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki ina aji huɗu a firamare. Gidanmu yana cikin wani lungu a Yakasai inda mota ba ta shiga, abin hawanmu kuwa tsohon babur ɗin Baba ne, shi ma sai an lallaɓa. A lokacin maza ba su da hira sai ta zaɓe da sabon gwamna, amma a zaurenmu babur ya fi gwamna shan magana, domin in ya ƙi tashi sai Baba ya taka har masaƙar da yake aiki a Bompai.

Wata rana bayan sallar magariba Baba da ƙanensa Baffa Modu suka tasa babur ɗin a gaba. Da gangan suka bari rana ta faɗi, don Baba ya ce raunanniyar wuta ba ta ganuwa da haske. Ya kwance fulogi, ya jingina shi da jikin inji, ya ce Baffa ya buga kik. Muka ga ɗan tartsatsi ja-ja, da ƙyar ya fito.

"Wutar ta yi sanyi," in ji Baba. "Mai lafiya shuɗiya ce, kuma za ka ji tana cewa tas-tas. Ko kontak ɗin da ke sakin wutar ne ya yi datti, ko kwayil ɗin da ke ƙara mata ƙarfi ya gaji."

Ya buɗe murfin gefe ya kankare kontak ɗin, ya miƙa wa Baffa wayar fulogi ya riƙe kusa da ƙarfe. Baffa ya yi sakaci ya kama ta dab da baki. Baba na buga kik sai Baffa ya ƙwalla salati ya yi tsalle, hularsa ta faɗi. Mu yara muka kwashe da dariya har da faɗuwa.

Kakarmu Iya Falmata tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida. Ita ba ta yi dariya ba.

"Ku gode Allah da ta ja shi," ta ce, ta juya ta koma ciki.

Iya mutuniyar Barno ce, ta daɗe a Kano amma harshenta bai taɓa sakin Barbarci ba. Bayan an kwashe tuwo ba ta bari a kashe murhu. Takan jawo kujerarta 'yar tsugunne, ta baza garwashi, ta jera mana sabuwar masara a kai, mu kuma mu kewaye ta a kan tabarma. Har yau in na ji ƙamshin masara tana ƙuna, fuskarta nake gani, hasken wuta yana bin tsagen kumatunta. Ran nan ba mu ma roƙe ta tatsuniya ba.

"Ga wata nan tafe gare ku," ta ce.

Muka ce ta iso, muna saurare.

Ta ce an yi wani direban babbar mota a Yerwa, can ƙasar Barno, zamanin da hanyar Kano ba kwalta, yana da mata da 'ya guda ɗaya. Yarinyar ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, aka yi rubutu aka yi jiƙo, ba sauƙi. Sai ya ɗauko su a gaban motarsa ya nufo asibitin Kano. Sun wuce Fataskum, ruwa ya tsuge, ya ɗauke, can cikin daji dab da magariba motar ta yi tari ta mutu. Ba gari gaba, ba gari baya.

Direba ya buɗe hancin mota, ya zare wayar kwayil mai kauri, ya naɗe ta da tsumma ya ba matarsa ta riƙe kusa da ƙarfen inji. Shi ya zagaya gaba ya zura ƙarfen nan da ake murɗawa a tada mota. Ya murɗa, ya ce, me kika gani? Ta ce, ja-ja ce, ƙarama. Ya kankare kontak da bayan kwalin ashana, ya busar da ko'ina da gefen rigarsa. Za su sake gwadawa ke nan sai yarinyar ta fara sanƙarewa. Uwar ta saki waya ta ruga ta rungume ta. Shi kuwa ba zai iya murɗawa kuma ya riƙe waya ba.

A nan Iya takan rage murya, mu kuma mu matso.

"Yana ɗagowa sai ga mutum tsaye. Ba a ji tafiyarsa ba. Ƙasa duk caɓi, amma ƙafarsa fes, rigarsa a bushe. Ya yi sallama, ya ce, Malam direba, a kama maka?"

Direba bai tsaya tambaya ba, ya miƙa masa wayar. Mutumin bai bi ta kan tsumma ba, ya kama tsurar bakin wayar da yatsu biyu, ya dafa inji da ɗaya hannun. Direba ya murɗa har ya yi gumi. Ya ce, ka ji wani abu? Mutumin ya ce, ban ji ba. Ya sake murɗawa. Ban ji ba.

Sai direba ya fitar da rai. In wuta ba ta ja mutumin da ya riƙe ta haka ba, ai babu ita ke nan, kwayil ya ƙone, kuma a dajin nan ba inda za a samo wani. Ya zauna a caɓi ya haɗa kai da gwiwa.

Mutumin ya ce, tashi ka riƙe, ni in murɗa maka.

Direba ya karɓa, ya kama bakin wayar yadda ya ga mutumin ya yi, tunda ya san babu komai a ciki. Murɗawa ɗaya, wuta ta fizge shi ta maka da ƙasa, hannunsa ya mutu har kafaɗa. Wuta ce lafiyayya, shuɗiya. Ashe tun da ya kankare kontak ta dawo. Yana daga kwance ya ɗaga kai ya dubi mutumin, mutumin ma yana dubansa.

"Me ya sa shi ba ta ja shi ba, Iya?" yayana Bukar ya tambaya.

"Wuta jini take nema," ta ce. "Juya masararka, tana ƙonewa."

Direba dai ya mayar da waya, ya murɗa, mota ta kama. Mutumin ya zagayo ta taga, ya leƙa, ya ɗora tafinsa a goshin yarinyar. Nan take ta daina sanƙarewa, zazzaɓi ya sauka, jikinta ya yi sanyi, ta yi barci a ƙirjin uwarta. Da direba ya kunna fitila bai ga kowa a kan hanya ba. Suka iso Kano, yarinya ta warke, ta girma, ta yi aure.

"Ta ƙare a nan," in ji Iya. "Kowa ya yi addu'a ya kwanta."

Mun sha musu a kan mutumin nan. Bukar ya ce aljani ne, ni na ce waliyyi ne tunda ya yi sallama, ƙanwata ta ce fatalwa ce ta fashe da kuka. Iya ba ta taɓa raba mana gardama ba. Na yi makonni ba na yarda in ratsa zaure ni kaɗai in babur yana ciki.

Sai da na girma, bayan rasuwarta, abu ya fara damuna. Tsohuwar da ko rediyo ba ta iya kamo tasha, a ina ta san kwayil da kontak da bayan kwalin ashana? Kuma duk tatsuniyoyinta takan sauya su yadda ta ga dama, ban da wannan. Wata rana na zo gida wankan haihuwar fari, na tambayi Baba. Ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Direban kakanku ne. Yarinyar kuwa yayata ce, Yagana. Ba a haife ni ba a lokacin."

Na ce ban taɓa jin muna da wata gwaggo Yagana ba.

"Ai ba ta iso Kano da rai ba," ya ce. "Iya ta riƙe ta har Ƙofar Nassarawa tana cewa barci take, jikinta ya yi sanyi, zazzaɓi ya sauka. A nan aka binne ta. Shi ya sa suka zauna a garin nan. Iya ta ce ba za ta koma Barno ta bar ta ba."

Na ce, to mutumin fa?

"Kakanku ya rantse ya gan shi. Bai ƙara bin hanyar nan ba har ya bar duniya. Ni dai ban sani ba, Allah shi ne masani."

Na koma ɗaki na ɗauki jaririyata, na kasa ajiye ta har aka kira la'asar.

Da ina yarinya na ɗauka darasin labarin shi ne Allah yana turo taimako a inda ba a zata ba, haka ma Iya take so mu ɗauka. Yanzu ban san me ya zo yi a dajin nan ba, ko taimako ya kawo ko karɓa ya zo yi, kuma ina jin ita ma ba ta sani ba har ta koma ga Mahaliccinta. Abin da na gane shi ne, ba ƙarya ta yi mana ba a kan komai sai ƙarshe. A gaban murhun nan kaɗai take da ikon kawo 'yarta Kano da rai, ta yi mata aure, jikoki suna saurare suna gaskatawa. Mu muna jin tsoro, ita kuwa tana samun abin da aka hana ta.

Bara jikata Amira ta matsa mini sai na yi mata tatsuniya mai ban tsoro. Ba mu da murhu yanzu, a falo muke. Na ba ta wannan, tun daga Yerwa har hannun da aka ɗora a goshi. Da na zo nan sai na yi shiru, ban san na yi ba.

"Hajiya, yarinyar ta warke?" ta ce.

Na ce, "Ta warke, Amira. Sunanta Yagana."