Ranar da mota ta gangara da mu a hanyar Batsari

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da ranar da na fara shiga mota ba, domin saura ƙiris ta zama ranar ƙarshe gare ni da mahaifina da jaririna.

A zamanin Turawa ne, da kaka. Baba malamin allo ne a Tsaskiya, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, aka ce sai an kai shi ɗakin shan magani a Batsari. Wani ɗan kasuwa ya tausaya, ya ce direbansa ya ɗauke mu a a-kori-kurarsa da ke maƙare da buhunan gyaɗa. Baba ya zauna a tsakiya, ni ina bakin ƙofa, rungume da ɗana da ko zama bai fara ba.

Mun haye wani rafi, muna tsakar hawan tudu, sai gaban motar ya fara tururi. Direban ya tsaya, ya ɗan ja wani ƙarfe da ke gefen kujerarsa, ya ce, “Malam, ku yi haƙuri, injin ya yi zafi. Bari in ɗebo ruwa.” Ya ɗauki garwa ya gangara rafin.

Da farko ƙara na ji, ƙiii, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa. Sai na ga bishiyar da ke kusa da taga tana wucewa gaba. Wallahi na ɗauka jiri ne. Baba ne ya ce, “Ɗiyata, motar nan tafiya take yi.”

Baya take komawa, ba kowa a wurin tuƙi. Kuma na san abin da ke bayanmu, don na gan shi da muna hawowa: kwazazzabo ne mai zurfi, cike da duwatsu. Na lalubi ƙofa, ban san yadda ake buɗe ta ba. Ko da na sani ma, yaya zan yi da Baba da ba ya iya miƙewa? Gudun motar sai ƙaruwa yake, buhuna suna motsi, yaro ya tsandara kuka.

Sai ga direban a guje ta gefe, ya yar da garwa. Ya kai hannu ga ƙofarsa, motar ta fizge ta bar shi.

“Baiwar Allah! Ja ƙarfen! Ja birkin hannu!”

“Wanne?” Ƙarafa biyu nake gani.

“Na jikin kujera! Ja shi sama, da ƙarfi!”

Na ɗora yaron a cinyar Baba, na kwanta a kansu, na kama ƙarfen da hannu biyu. Baba yana ta maimaita kalmar shahada a kunnena. Na ja, ƙarfen ya yi ƙat-ƙat, motar ba ta tsaya ba. Na tokare ƙafa, na sake ja har na ji kafaɗata za ta cire. Tayoyi suka ja ƙasa, motar ta karkace, ta tsaya cak.

Direban ya tura dutse ƙarƙashin taya kafin ya buɗe mana. Da na sauka na ga tsakanin tayar baya da bakin ramin bai kai tsawon tabarma ba.

Direban ya durƙusa gaban Baba yana hawaye. “Malam, ka yafe mini. Ban ja shi ya kai ƙarshe ba, ban bar ta a giya ba, ban sa dutse ba. Na ce ai yanzu zan dawo.”

Baba ya daɗe yana tari, sannan ya ce, “Tashi, ɗana. Allah ya tsare. Amma rayuka uku ka bari a kan ‘yanzu zan dawo’.”

Baba ya warke, ya koma wa ɗalibansa. Ni kuwa har yau idan direba ya tsaya a gangare, ba na yin shiru sai na ga ya ja birkin hannu ya kai ƙarshe, ya sa giya, an tokare taya. Jikokina suna yi mini dariya, ba na damuwa. Ranar ta koya mini cewa duk aikin da ran mutum ya rataya a kansa, rabinsa da rashin yinsa duk ɗaya ne.