Ƙafar da Na Kwance wa Baffa

Jiya ina gyaran rumbu na ci karo da ƙafar katakon Baffa, gara ta fara cin ta. Na zauna a ƙasa, na kasa ci gaba da aikin.

Yana haƙar kuza a Riruwai rami ya rufta da shi, aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Wani masassaƙin turmi a Tudun Wada ne ya sassaƙa masa wannan, da maɗaurin fata mai warin man kaɗe. In zai yi alwala sai ya wanke ta sau uku, kamar ɗayar.

Wata rana da la'asar na tarar yana sosa katakon. Na ce, "Baffa, itace ne fa."

Ya ce, "Ni ma na sani. Je ka gaya wa jijiyar, har yau ba ta ji labarin an yanke ba." Ya yi dariya, sannan ya ce, "In na mutu ku sa ni da ita. Na gaji da rabuwa da ƙafa."

Ranar da ya rasu liman ya ce a cire ƙafar katakon, daga mutum sai likkafaninsa. Ni na kwance maɗaurin, ban faɗa wa kowa wasiyyarsa ba. Shekara huɗu ke nan ina tambayar malamai. Kowa ya ce ba ni da laifi, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Allah Ya tashe ka da ƙafafunka biyu na asali, Baffa, ko ka manta ka tambaye ni wannan ta katakon.