Jan Hatimin da Na Je Nema

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu a Guangzhou, gwamnatin gida ta ba ni tallafin wani bincike. Taken binciken sai mutum ya ja numfashi sau biyu kafin ya kai ƙarshensa, amma tambayar ɗaya ce: yaya magidancin da aikinsa ya mutu zai koyi sabuwar sana'a bayan furfura ta fito? An ce da sakamakon za a buɗe cibiyoyin horar da tsofaffin ma'aikata. Ni kuwa kaina ya kumbura. Har jakar hannu na saya, wai ni mai bincike.

Tallafin yana da sharaɗi. Ofishin da ke kula da shi ya gaji da ɗaliban da ke kwanciya a ɗaki su ƙirƙiri mutane su yi hira da su. Don haka duk wanda ka tattauna da shi, sai ka kawo hotonsa da sa hannunsa da hatimin wurin da yake aiki. Idan babu hatimi, tamkar ba ka gan shi ba.

Abokina, mai sarin tufafi a kasuwar Canaan, shi ya haɗa ni da wani dattijo wata Juma'a, a ɗakin da ake sayar da tuwo can saman ginin Tianxiu. Baba muke ce masa. Ƙuruciyarsa duk a masaƙa ta ƙare a Kano, yana gyaran injuna, har ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo. Ya biyo wani ɗan kasuwa zuwa Guangzhou a matsayin mai duba masa ingancin yadi, sai ya ga injin ado mai kwamfuta, irin wanda ke zuba aiki a wuyan riga, ya ce shi da gida sai ya iya gyaransa. Ya samu wani ƙaramin shagon ɗinki a unguwar Haizhu, yana share ƙasa, yana ɗaukar dila, yana kwana a bayan shagon, maigidan kuma yana barinsa ya tsaya kusa da makanike. Sinancinsa bai wuce gaisuwa da godiya ba. Da ido yake koyo, yana zana kowane ƙarfe a wani littafi, yana raɗa masa sunan Hausa.

Ya ce min, "Wata uku ya rage, ɗana. Ƙarfen na gama da shi, kwamfutar ce ta rage. Ina gamawa zan koma. Injunan nan sun cika Kano, in ɗaya ya tsaya sai mai shi ya yi sati yana neman wanda zai taɓa masa."

Ina ji, zuciyata tana tsalle. Babin da ya fi kowane daɗi a rahotona ne yake zaune a gabana yana cin tuwo.

Muna saukowa abokina ya riƙe hannuna. "Ka ji labari, ka rubuta, amma ka bar maganar takarda. Bizarsa ta daɗe da mutuwa."

Na ce masa, "Haba, hatimi ne fa kawai."

A gida abin da na sani ke nan. Ka shiga ofis, ka gaisa da masinja, a danna maka hatimi ba tare da kowa ya karanta ba. Ban taɓa tunanin akwai ƙasar da ake kulle hatimi a akwatin ƙarfe ba.

Na koma wajen Baba da fom. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Dole ne sai da na laoban?" Haka ake kiran maigida da Sinanci. Na ce dole ne, na ƙara da cewa binciken nan irinsu zai taimaka, dubban tsofaffin ma'aikata suna jira. Ya share hannunsa a jikin wando, ya sa hannu.

"To, ba zan hana ka karatunka ba."

Na san ba ya so. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san dattijo irinsa ba zai iya kallon yaron da ya ci abinci da shi, yake kiransa Baba, ya ce masa a'a ba. Na san haka sarai, kuma da shi na yi amfani.

Da hantsi muka shiga shagon. Na miƙa wa maigidan fom da hannu biyu, tare da fassararsa da na ɓata kwana biyu ina gogewa. Ya sa tabarau ya karanta. Takarda ce mai tambarin gwamnati a sama, tana neman ya tabbatar da hatiminsa cewa baƙo yana aiki a wajensa. Fuskarsa ta canza. Ya mayar min da ita kamar ta ƙone masa yatsu, yana girgiza kai yana cewa, "Meiyou, meiyou," wato babu. Babu wani baƙo a shagonsa, bai taɓa samun baƙo ba. Baba yana tsaye a gefensa, riƙe da tsintsiya.

Kafin azahar an fito masa da jakarsa bakin titi. Makaniken ya biyo shi da littafinsa na zane, ya danƙa masa. Na bi Baba ina ba shi haƙuri. Ya ce, "Ya isa, ɗana. Tafi makaranta."

Ya koma raɓe-raɓe a ɗakunan mutane a unguwar Xiaobei. Ba a yi wata ɗaya ba aka tare shi a bakin tashar jirgin ƙasa aka tambaye shi fasfo. Ya yi zaman tsare, 'yan kasuwa suka haɗa masa tikiti, aka sa shi a jirgi. Abokina ya daina ɗaga wayata har na bar ƙasar, kuma ban ga laifinsa ba.

Rahoton kuwa na gama shi. Labarin Baba bai shiga ba, tunda babu hatimi. An yaba min, an yi taro a otal, an ɗauki hotuna. Cibiyoyin nan ban taɓa jin an aza tubalin ko ɗaya ba.

Mutane sukan ce min tsarin ne ba shi da kyau, kuma gaskiya ne, wanda ya tsara fom ɗin bai taɓa zama a ƙasar wani ba takarda ba. Amma ba tsarin ne ya ji gargaɗin abokina ya yi dariya ba. An aike ni in gano yadda za a taimaki dattijo ya koyi sana'a, na tarar da ɗaya yana koyo da kansa ba da taimakon kowa ba, na tsayar da shi. Har yau in na tuna kunya nake ji, irin wadda ke hana mutum cin abinci.

Sai da na yi shekara biyu da dawowa sannan na iya nemansa. Na same shi a Kano yana gadin wani sito. Idonsa ya yi rauni, sai da na matso sosai ya gane ni. Ya shimfiɗa min tabarmarsa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Duk jawabin da na haddace a hanya ya gudu. Can ya ce, "Karatun fa? An kammala?"

Na ce an kammala, Baba.

Ya gyaɗa kai. "To, alhamdu lillahi. Ko ba komai ɗayanmu ya gama."