Ranar da Sabuwar Kwamfuta Ta Kunyata Ni Gaban Sufeto

Shekarata ta biyu ina koyar da lissafi a wata makaranta a Dogon Dutsi aka ba mu wata tsohuwar kwamfuta, wadda na tabbata ta girmi ɗalibaina. Babu mai kallonta sai ni. Ni kuwa na kamu da sonta, har na haddace halinta: idan ka ce ta tara lambobi biyu, bugu uku na agogon da ke cikinta ta gama, kafin ƙiftawar ido. Ka ce ta ninka, sai ta share bugu fiye da ɗari. Maƙeranta sun yi tsimin wuri ne, ba su gina mata sashen ninkawa ba, sai dai ta yi ta tarawa kamar mai awon gero da ƙaramin kwano.

Wannan nawar tata na mora. Na tsara mata ta riƙa nuna wa yara tambaya, ta dakata, sannan ta kawo amsa. Don ta dakata, sai in ɗora mata ninkawar banza sau dubbai. Na gwada da agogon hannuna, dakatawar ta zo daidai lokacin da yaro zai yi tunani ya ɗaga hannu. Na ji kaina ya yi girma ƙwarai.

Sai ga labari sufeto zai zo ya ga darasina, kuma rahotonsa ne zai tabbatar da ni a aiki.

Da safen na tarar da shugaban makarantarmu ya kawar da tsohuwata, ya ajiye sabuwar ofishinsa, an ma kwafe mini aikina a ciki. "Mushe, ba a nuna ma baƙo wagga tsohuwa," in ji shi, don mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu. Na yi godiya, don wauta.

Ashe ita sabuwar ninkawa ba komai ba ce a wajenta. Ina dannawa, tambayoyi arba'in da amsoshinsu suka wuce fuu, kafin yara su buɗe baki. Aji ya kwashe da dariya. Sufeto ya gyara tabarau ya ce, "Mushe, an gama ke nan?"

Kunya ta kama ni. Na kashe ta, na ɗauki alli, na yi darasin ina gumi, ina hararar shugaba.

Bayan mako biyu rahoto ya iso. An tabbatar da ni. A ƙasa sufeto ya ƙara da hannunsa: "Ya iya alli. A raba shi da kwamfuta."