Kan Liatu da Hular Asibiti

A unguwar nan ta bayan Ƙofar Wunti ba a duba sama don a san ko za a yi ruwa. Kan Liatu ake dubawa. In ta fito da safe gashin goshinta a kwance, mata su baza shanya. In ya miƙe buzu-buzu kamar kazar da aka taɓa wa 'ya'ya, sai a kwashe gero tun hadari bai haɗu ba. Ita kam ba ta ɗauki abin da dariya ba, amma maƙwabta sun ɗauka, kuma ba su nemi izininta ba.

Liatu ta zo Bauchi daga wani ƙauye na kudu a shekarar hamsin da uku, amaryar Habila kafinta. Ta zo da kai fes kamar ƙwarya, domin a ƙauyensu mata aski suke yi, daga uwa har kaka. Babu wanda ya san irin gashin da ke zuriyarsu, don ba a taɓa barinsa ya faɗi ra'ayinsa ba. Da ta ga matan birni da shuku da doka, sai ta ce ita ma ta bar aski.

Abin da ya fito ya ba kowa mamaki. Gashi ne mai laushi, mai lanƙwasa kamar yashin rafi bayan ruwa ya janye. Da rani ya kwanta luf har kafaɗa, Habila ya riƙa kuskuren kan ƙusa yana buga yatsa saboda kallo. Amma da gashin ya ji ƙamshin damina, sai ya kumbura, kowane sili ya kama gabansa.

Inna Yelwa makitsiya, wadda katanga ɗaya ta raba su, ita ta fara gwada sa'arta. Ta kwantar da kan a cinya tun hantsi har azahar, ta yi zane siri-siri. Kwana biyu ya warware.

"'Yar nan, shekara talatin ina kitso," in ji Inna, "ban taɓa kama kifi da hannu ba sai a kanki. Anya kakarki ba ta taɓa sayen nono ta daɗe a ruga ba?"

"Inna, ki bari mana."

"Na bari. Shi ne bai bari ba."

Duk wannan da sauƙi, ɗankwali yana rufa asiri. Matsala ta zo ne lokacin da Liatu ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti na mishan. Ita ke shara, ita ke tafasa allurai da almakashi a babbar tukunya. Tana son aikin nan kamar ranta. Ita ce mace ta farko daga ƙauyensu da ta sa farar riga, har uwarta ta tako da ƙafa kwana biyu don ta gani da idonta. Sai dai aikin yana da doka. Ba a ɗaura ɗankwali, sai wata 'yar farar hula mai sitaci da ake maƙalawa da fil, kuma kada sili ɗaya ya leƙo. Mai dokar wata Baturiya ce da ake kira Sista Mai Agogo, don agogon da take ratayawa a ƙirji.

To, ka ɗauki gashin da hadarin da ke Dass ma yake tayar da shi, ka tsayar da shi a kan tururin tukunya tun safe. Kafin ƙarfe tara hular ta hau sama kamar farar balbela a bayan saniya.

Inna Yelwa ta ce man shanu. Aka shafa, gashi ya kwanta, Liatu ta tafi aiki tana taku ɗai-ɗai. Rana na yin zafi ƙudajen kasuwa suka biyo ta har ɗakin masu jinya. Sista ta toshe hanci ta nuna mata famfo.

Aka ce karkashi. Ta jiƙa, ta wanke kai da yauƙinsa, gashi ya yi taushi yana sheƙi. Taushin ya yi yawa, fil ya rasa abin kamawa. Aka ɗaure da baƙin zare, zaren ya zame tun a hanya. Wata Comfort da ta zauna a Jos ta zo da matajin ƙarfe, ta gasa shi a garwashi, ta miƙar da gashin sambal, ta haɗa da gefen kunne. Liatu ta sha zafi ta daure. Washegari ta buɗe murfin tukunya, tururi ya bugi fuskarta, aikin Comfort na yini guda ya tashi kafin a ƙirga goma.

Ranar wata Juma'a a ƙarshen damina ta shekarar sittin, gari na ta shirin bikin 'yancin kai, ana shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Liatu ta sunkuya za ta tsamo almakashi, hular ta sulluɓe, ta faɗa cikin tukunyar. Sista na tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi faɗa ba. Ta duba agogonta kawai, ta ce da irin Hausarta:

"Liatu, Litinin. Hula ya zauna, kai ka zauna. Hula ya tafi, kai ka tafi."

Liatu ta dawo gida ta zauna a kan turmi, ba ta ko cire farar rigar ba. Abin da za a shafa ya ƙare, ta sani. Saura abu ɗaya, shi ne abin da ta baro a ƙauye. Ta leƙa ta katanga.

"Inna, ki aske mini."

"Wa? Ni? Hannun da ya kitsa ba ya askewa. Kuma mace da mijinta a raye, ba ciwo ba takaba, ki fita da kai kamar ƙwan jimina? Ki bar musu aikinsu."

"In na bari, me zan ce wa uwata?"

Inna ta kau da kai. Can ta ce, "To, ni dai ban gani ba," ta shige ɗaki.

Ran Lahadi bayan an taso daga sujada, Habila ya ɗauko sabuwar reza da ruwan sabulu. Ya tsaya a bayanta ya daɗe.

"Uwar Roda, in sake tambaya?"

"Baban Roda, in ka sake tambaya zan fasa. Yi kawai."

Mutumin da ke fere katako ba gargada, ran nan a hankali ya riƙa jan rezar. Gashin shekara bakwai ya zube a zanin da ta shimfiɗa. Ta tattara shi kaf, ta haƙa rami a gindin katanga ta binne, yadda ake yi don kada ya faɗa hannun da bai dace ba. Matan unguwa da suka saba tsokana suka leƙo, suka koma.

Litinin hula ta zauna daram. Sista ta duba, ta gyaɗa kai, ta wuce.

An yi biki, an sauke tuta an ɗaga wata. Bayan mako biyar Sista Mai Agogo ta ɗaure akwatunanta ta koma ƙasarsu. Wadda ta gaje ta 'yar ƙasa ce daga Wusasa. Ranar da ta kama aiki ta dubi hulunan ta ce wannan wahala ce, kowa ta ɗaura farin ɗankwali.

Liatu ta shafa kanta, ta ji ƙaiƙayin sabon tsiro. Da ta ba Inna labari, Inna ta riƙe haɓa.

"Mako biyar, 'yar nan. Ƙasa ta jira shekara sittin, ke kin kasa mako biyar."

"Ai Litinin Sista ta ce, Inna."

Aiki dai ya tsaya mata, ta yi shekara ashirin da huɗu a kan tukunyar nan. Gashin ya dawo yadda yake, bai koyi komai ba. Yanzu ya yi fari, kuma 'yarta Roda ta gaje shi sili da sili. In gajimare ya taso daga gabas, uwa da 'ya sukan zauna a tsakar gida da kwalbar man kaɗanya a tsakaninsu, wannan ta danne wa waccan, yana tashi, maƙwabta kuwa suna ta kwashe shanya.