Yogot ɗin Gwiwa

Shekara biyu na yi a kudancin Indiya ina karatun ilimin harsuna, ana koya mini yadda sauti ɗaya ke sauya ma'anar kalma. Amma darasin da ya fi zama a kaina a wannan fanni, Mama ce ta ba ni shi ta waya daga unguwarmu Dilimi, a Jos.

Na gaya mata na shiga ajin yoga, ana yi kowace safiya a saman benen masaukin ɗalibai mata. Layin ba shi da kyau. Ta ce, "Madalla. Da madarar gari suke yi ko ta shanu?" Na zaci shayi take tambaya, na ce ta shanu. Kafin mako ya zagayo, duk unguwarmu an san 'yar tela tana ƙasar waje tana koyon haɗa yogot.

Ciwon wuya ne ya kai ni ajin, saboda sunkuyo a laburare. Abincin masaukin kuwa, na baro Jos ina murnar zan huta da dankali, sai na tarar ya riga ni isa. Yana cikin wainar safe, yana cikin miyar rana, da yamma a naɗe shi cikin fulawa a soya a sake masa suna. Nama sai a littafi. Abin da ya riƙe ni shi ne kindirmonsu, wanda masu girki ke kafawa kullum a tukunyar ƙasa, ina kallo ina jiran rabona.

Malamarmu dattijuwa ce siririya, ba ta ɗaga murya. Ranar farko ta ce a naɗe gwiwa a zauna kan dugadugai. Turawan ajin suka yi ta nishi, ni kuwa na zauna abina. Ta tambaye ni tun yaushe nake yoga. Na ce irin wannan zaman tun ina shekara bakwai nake yinsa, sau biyar a rana, a wurin tahiya. Da aka zo motsin da suke kira gaida rana, na ce ni ba na gaida rana. Ta ce in tsaya gefe in miƙe bayana, ranar ba ta kiran suna.

Ita ta gaya mana asalin kalmar yoga karkiya ce, irin wadda ake ɗora wa shanun huɗa. Jiki da zuciya shanu biyu ne, in ji ta, in ba a haɗa su ba kowa gonarsa daban yake nomewa. Na yarda da ita, domin a darasin ƙarshe, wanda suke kira kwanciyar gawa, jikina kan kwanta a Indiya, zuciyata tana Titin Bauchi tana cin masa da miya.

Da na dawo na tarar gwiwar Baba ta ƙi. Shekarun da ya yi yana taka keken ɗinki sun biyo shi. Salla a kujerar roba yake yi, a ƙarshen sahu, kuma ya fara tsallake jam'i yana cewa sanyi ne. Sanyin Jos yana ɗaukar laifin da ba nasa ba, kunya ce kawai. Likita ya ba shi takardar motsa jiki, Baba ya rubuta awon ɗinkin wani a bayanta.

Mama kuwa ta tanadi roba sabuwa da madara tana jira. Dole na yi bayani a tsakar gida, har da gwadawa a tabarma.

Baba ya kalle ni ta saman tabarau. "Wa ake yi wa sujada a ciki?"

"Babu kowa, Baba. Inda ake da wannan na tsallake."

"Wato har Indiya kika je a koya miki kwanciya. Da kin tambaye ni."

Na juya takardar likitan na nuna masa zanen da ke ciki. Kusan duk motsin da nake so ya yi yana nan. Ya ce ya gani, ya koma shago.

Mama ba ta damu da falsafa ba, damuwarta maƙwabta, waɗanda ta yi wa alkawarin yogot. Ta ce, "Ke dai kin iya ko ba ki iya ba?" Na tuna tukunyar ƙasar nan, na ce zan gwada. Yogot ɗin ya kama. Baba ya sha da kunun acha da safe, ya miƙo kofi a ƙara. Mama ta ɗora hannu a kan murfin.

"Malam, yogot ɗin nan iri biyu ne. Wanda bai yi na gwiwa ba, ba ya shan na kofi."

"A gidana?"

"A robata."

Haka aka fara, bayan an rufe ƙofar zaure. Minti goma sha biyar a tabarma, yana ɗaga ƙafa yana ƙorafi. In na ce ya ja numfashi, sai ya ce tun kafin a haife ni yake ja. Maganar karkiya ce kaɗai ta burge shi, ya ce ashe mutanen sun san noma. Kwanciyar gawa kuwa ya fi ni iyawa nesa, har da minshari. Ya ce ita wannan gara mutum ya saba tun yanzu.

Mun yi wata biyar a haka, wasu ranakun gwiwar ta saki, wasu ta ƙi. Wata la'asar ina shanya a tsakar gida, sai ga shi ya dawo daga masallaci da kujerar robar a hannu. A da a can take kwana. Ya wuce ni ya kai ta shago, ya ajiye kusa da keken.

Na ce, "Baba, ta karye ne?"

"Masu jiran ɗinki ba su da wurin zama." Ya kakkaɓe ƙurar darduma daga gwiwar wandonsa a hankali, yadda zan gani. "Gaya wa uwarki yau kofi biyu ne."